Fulin gaban injin 911: a sassaƙa sabo ko a bar na asali?

Mai Roka: Assalamu alaikum 'yan gida. Ina tayar da Marsandi 911, injinta OM352 mai silinda shida. An gama aikin cikin inji, an sa ringi sababbi, an wanke lagireto. Saura gaban inji, kuma a nan na tsaya. Na sayo altaneta babba ta Beljiyam, mai bol 24 amfiya 80, amma fulin da ke kanta na bel mai layi-layi ne irin na motocin zamani, tawa kuwa fambel mai siffar V take ci. Sannan ina son a ɗora mata famfon sitiyari, don direbana ya ce kafaɗunsa sun gaji da kokawa in an yi mata lodin hatsi a Dawanau. Fulin karanshaf kwari biyu gare shi, duka kuma suna da aiki. Na zaga Ƙofar Ruwa ban sami mai kwari uku da ya hau ba. Wani ya ce in kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe su yanka min sabo ɗungurungum, mai kwari uku, su haɗa da na altaneta. Wane ƙarfe ya fi? Wane girma zan ce a yi?

Yaron Gareji: Wa alaikumus salam Alhaji. Ka kai wa masu zuba tukunya su zuba maka curin alminiyam, sai a ɗora a inji a gyara shi. Ba nauyi, ba tsada.

Bakanike Gusau: Kai yaro, tukunyar tuwo daban, gaban inji daban. Alhaji, a nemo guntun ƙarfe mai kauri, a yanka mai kwari uku, a fitar da ramin tsakiya daidai da na tsohon, a ɗaure. Mun sha yi. Kada ka bari a tsorata ka.

Baban Panteka: Alhaji, kafin kowa ya kunna inji, ka je gaban motar da tocila. Ka dubi fulin karanshaf ɗin da kyau, ka goge baƙin mai. Tsakanin cibiyarsa da zoben waje, akwai siririn layin roba baƙi da ya zagaye? Ko kuwa akwai wani faifai mai nauyi a jikinsa, rufaffe, ba ƙusa ba kwari?

Mai Roka: Baba na duba. Akwai layin roba, har ya ɗan tsattsage a gefe ɗaya.

Baban Panteka: To alhamdu lillahi da ka tambaya kafin ka yi. Wannan abin ba fuli ba ne kawai. Aikinsa na farko shi ne shanye girgizar karanshaf, jan bel aiki na biyu ne. Injin silinda shida a jere karanshaf ɗinsa dogo ne. Duk sanda silinda ɗaya ta buga wuta, sai ƙarfen ya ɗan murɗe ya saki, kamar mai matse wanki, ga filawil mai nauyi ya riƙe shi ta baya. Ido ba ya ganin murɗawar, amma tana nan, sau uku a kowane zagaye. Wannan zoben mai nauyi da ke zaune a kan roba shi ne yake ja da baya in ƙarfen ya murɗa, robar ta shanye ƙarfin ta mai da shi zafi. In ka cire shi ka sa dunƙulen ƙarfe, motar za ta tashi lafiya lau, za ta yi tafiya, za ka ce Baba tsoro ne da shi. Wata rana a kan hanya da lodi karanshaf ya rabu biyu. Ni na altaneta zan yanka maka, na famfo zan yanka maka. Wancan ba na taɓa shi, ko nawa za ka biya.

Bakanike Gusau: Baba, da girmanka, amma wannan magana ta littafi ce. Akwai injin irin wannan da na sa wa dunƙulen fuli, yana jan janareta a wata ma'aikatar shinkafa, har yau yana aiki. Karanshaf ɗin Jamus ne fa, ba na gwangwani ba. Injin da aka fara ƙerawa tun 1964 kuma har yanzu yana kan titi, robar da ba ta kai kaurin yatsa ba ce take riƙe da ransa?

Injiniya: Oga Gusau, misalin da ka kawo shi ne ya nuna inda bambancin yake. Janareta gudu ɗaya yake yi, zagaye 1500 a minti in ana son wutar da muke amfani da ita, daga safe har dare. Kowane karanshaf yana da wasu matakan gudu da bugun silinda yake dacewa da yadda ƙarfen kansa yake son karkarwa, a nan murɗawar take ninkuwa. In gudun janareta bai faɗa kan ɗaya daga cikinsu ba, zai iya daɗewa. Mota kuwa daga zagaye 600 take hawa har kusan 2800, ta sauko, ta sake hawa, duk canjin giya sai ta ratsa waɗannan wuraren. Kuma gajiyar ƙarfe ba ta sallama. Tsaga ce take farawa ƙarama, galibi a kusurwar da jonal, wato wuyan nan mai santsi da karanshaf yake juyawa a kansa, ya haɗu da kafaɗar karanshaf ko a bakin ramin mai, ta yi ta ci a hankali.

Bakanike Gusau: Duk karanshaf ɗin da na gani ya karye, ko mai ne ya ƙare, ko wajen gurza shi ne aka cinye kusurwar nan da kike faɗa.

Injiniya: Wannan ma gaskiya ne, gurzawar da ta kashe lanƙwasar kusurwa tana karya shi. Amma kasancewar abu biyu suna kisa bai sa na uku ya zama magani ba. Kuma na Alhaji an riga an yi masa aiki, ba sabo ba ne daga kwali.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Mu nan abin da na fi gani shi ne a kama zoben da cibiyar a yi musu walda in robar ta saki. Mai walda ya ce ya gyara, ya karɓi kuɗinsa. Shi ma ɗin dunƙule ya zama ko?

Baban Panteka: Ya fi dunƙule muni, ɗana. Zafin walda ya ƙone sauran robar, ƙarfen zubi ne kuma ba ya son walda, ga nauyin ya karkata gefe ɗaya. Mai faifan nan rufaffe shi kuma wani mai ne mai kauri a cikinsa da zobe yana iyo. Shi ko guduma aka buga masa ya lotsa, ya mutu, ko da daga waje yana sheƙi.

Mai Roka: To Baba na ji. Amma famfon sitiyarin fa? In haƙura direba ya ci gaba da shan wahala?

Baban Panteka: Wa ya ce ka haƙura? Ƙari za a yi, ba canji ba. Za a yanka ƙaramin fuli mai kwari ɗaya, mara nauyi, a ɗora shi a gaban na asali. Amma a cibiya za a ɗaure shi, ɓangaren da yake manne da karanshaf, ba a zoben da ke kan roba ba. A bayansa a fitar masa da ɗan tudu da zai shige cikin ramin cibiyar cif, ba wasa ko kaɗan. Wannan tudun shi ne yake tsayar da shi a tsakiya. Ƙusoshi aikinsu matsewa ne kawai. Duk wanda ya dogara da ƙusa ta saita masa tsakiya, fulinsa sai ya yi rawa, don ramin ƙusa kullum ya fi ƙusar faɗi. Sai ka auna tazarar da ke tsakanin gaban inji da fanka, kada a gama aiki a tarar fanka tana shafar sabon fulin.

Bakanike Gusau: Wannan dabarar ban ƙi ta ba. Amma ban janye maganata ba.

Direban Dare: Ni maganar altaneta ta kawo ni. Alhaji ka ce a yi maka fulinta ƙarami iyakar ƙanƙanta. Mu da muke kwana a layi muna jiran lodi, inji na silo, fitilu a kunne, yara na cajin waya, da asuba batir ya yi sanyi. Ƙaramin fuli shi ne caji tun daga silo.

Injiniya: Alhaji, auna mana faɗin fulin karanshaf daga inda bayan bel yake zama.

Mai Roka: Milimita 180, ko ya ɗara kaɗan.

Injiniya: To lissafin ba wuya. Ka raba faɗin na karanshaf da na altaneta, abin da ya fita ka ninka da gudun inji. In an yi na altaneta milimita 70, kowane zagayen inji altaneta ta yi biyu da rabi da ɗan ɗori. A silo na 600 tana kusan 1540, a ƙarshen totur na 2800 tana 7200. Yawancin altaneta a wajen zagaye 6000 ake rubuta cikakken ƙarfinsu, don haka a kan hanya tana daidai wurin da ake so, a silo kuma ta riga ta fara caji, ko da ba ta cika amfiya 80 ba. In an yi 60, silo ya zama 1800. Malam Direba yana da gaskiya, ya fi caji. Matsalar bel ce. Bel mai faɗin milimita 13 ba ya son a lanƙwasa shi a ƙaramin da'ira haka, zai yi zafi ya tsattsage daga ciki, kuma wurin da yake kama fulin ya ragu, sai santsi da kuka. Ni 70 zan ce, kuma a sa bel mai haƙora a cikinsa, shi ya fi jure lanƙwasa.

Direban Dare: Bel ai araha ne a kan batir.

Injiniya: In ya tsinke tsakanin Potiskum da Damaturu da tsakar dare, kuma shi ne yake jan famfon ruwa, sai ka sake yi mana wannan lissafin. Wani abu kuma Alhaji, kada ka yarda a yi mata kwari ɗaya. Bol 28 da take fitarwa sau amfiya 80 ya haura wat 2200, altaneta kuwa kusan rabin ƙarfin da take karɓa zafi yake komawa. Ke nan bel yana ɗauke da wajen doki biyar zuwa shida in tana cikakken aiki. Kwari biyu za a yi.

Yaron Gareji: Baba don Allah, kwarin nan ba V ba ne kawai? Ogana da ido yake wasa bakin wuƙar ya soka, bel ya zauna shi ke nan.

Baban Panteka: Shi ya sa masu sayar da fambel suke gaishe da oganka da safe. Zauna ka ji. Bel ɗin V da gefunansa biyu yake kamawa, ba da cikinsa ba. In ƙasansa ya taɓa gindin kwari, aiki ya ɓaci, ko ka ja shi har boris ɗin altaneta ya yi ƙara ba zai daina santsi ba. Alamar ita ce ka ga gindin kwarin yana ƙyalli. Gindin kwari mai lafiya dusu-dusu yake, har da tsatsa. Don haka zurfi dole ya wuce kaurin bel ya bar fili.

Sai buɗewar kwarin. Bel a miƙe gefunansa wajen digiri 40 suke. In ya lanƙwasa a kan fuli, bayansa ya miƙe ya tsuke, cikinsa ya kumbura, buɗewar ta ragu. Ƙaramin fuli ya fi matse shi. Shi ya sa a ma'aunin belin masana'antu mai wannan faɗin, fulin da bai wuce milimita 118 ba digiri 34 ake yi masa, wanda ya wuce kuma 38, tsakanin kwari da kwari milimita 15. Na motoci da yawa 36 ne. Na Alhaji kuwa ba zan ɗauki tazarar daga takarda ba, daga fulin karanshaf ɗinsa zan auna, don da shi za su yi aure. In tazarar kwarin altaneta ta bambanta da ta karanshaf, bel ɗaya zai tafi a miƙe ɗaya a karkace.

Yadda nake yi: in kama curin a baki mai haƙora huɗu, in gyara fuska, in huda tsakiya, in bi da wuƙar ciki har ramin ya yi daidai da sandar altaneta. Da yawa milimita 17 ne, na manyan motoci wasu sun fi haka, shi ya sa nake cewa a kawo min altanetar kanta, ba a turo min lamba a waya ba. Daga nan in sassaƙa wata sanda a kan injin, in zura fulin a kanta in ɗaure, ban sake kwance sandar ba sai an gama. Haka ne kawai kwari da ramin tsakiya za su zama a kan cibiya ɗaya. Kwarin kuma ba na soka wuƙa mai siffar V gaba ɗaya, tsohon inji ba zai ɗauka ba, sai ya hau kakkarwa ya bar zane a jiki, zanen nan kuma shi yake cin bel. Da siririyar wuƙar yanka nake fara buɗe tsakiya har zurfin da nake so. Sai in juya ƙaramin kan injin rabin buɗewar, digiri 17 in 34 nake nema, in bi gefe ɗaya a hankali, in juya in bi ɗayan. Ƙarshe in goge da takardar yashi mai laushi, in kashe kaifin baki.

Injiniya: Baba a ƙara masa da bayanin gudun injin sassaƙa, don yara sun fi ƙona wuƙa a nan. Da wuƙar ƙarfe ta gargajiya a kan ƙarfe mai laushi, wajen mita 25 a minti ake so. Curin milimita 75 zagaye ɗari da 'yan kai ne. Na milimita 190 kuwa arba'in da ɗan ɗori kacal. Mai bakin kabaid ya ninka haka sau uku ko huɗu.

Baban Panteka: Haka ne 'yata. Injin sassaƙata Colchester ya girme ki, amma yana da giyar da take saukowa nan. Awon kwari biyun ma ga yadda za ka gane sun yi daidai: ka sami guntayen sanda biyu masu kauri ɗaya, ka kwantar da su a kwarin, ɗaya nan ɗaya can ɗaya gefen, ka auna ta kansu. Ka maimaita a kwari na biyu. In lambar ta bambanta, bel ɗaya zai fi ɗan'uwansa nitsewa, ɗaya ya ɗauki kaya ɗaya yana rakiya. In an gama a ɗora agogon awo a juya da hannu. Rawar da ta wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita, ni ba ta fita daga shagona.

Ɗan Maraɗi: Ba a amsa maganar ƙarfe ba fa. Ni na ga masu gyaran motocin tsere a Turai da Amurka alminiyam suke yi, yana walƙiya.

Injiniya: Nasu curin masana'anta ne da aka san haɗinsa, sau da yawa kuma ana ƙara taurara fatarsa bayan an sassaƙa. Motar kuma ba ta bin hanyar ƙauye da hunturu. Na masu tukunya tarkacen fistan ne da gwangwanin lemo da abin da aka samu, ga ƙananan ramukan iska a ciki da ba a gani sai wuƙa ta buɗe su. Abin da zai yi zagaye 7000 a minti ba a yi masa haka. Ko mai kyan ma, ƙura in ta shiga tsakanin bel da alminiyam, gefen kwarin take ci har ya yi ciki, bel ya nitse ya taɓa gindi.

Baban Panteka: Ƙarfen zubi ya fi kowa zama lafiya da bel, shi ya sa kamfanoni suke yi da shi. A bushe ake yanka shi, ba ruwa, sai dai ƙurarsa baƙa tana cin gadon inji in ba a share ba. Amma samun curi mai kyau ba tsaga shi ne aiki. Ga ƙaramin fuli irin na altaneta, ni guntun shaf na ƙarfe mai laushi nake so. Kada dai a kawo min tsohon aksil na mota, an taurara fatarsa, wuƙa biyu zai cinye kafin in kai ciki.

Direban Dare: Tunda ana yanka, a rage na famfon ruwa shi ma. Zafin Afrilu a hanyar Sakkwato ba wasa ba ne, fanka ta ƙara gudu inji ya huce.

Injiniya: A bar shi yadda yake. Ƙarfin da fanka take ci ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta. Ka ƙara mata kashi 20 cikin ɗari na gudu, ta ƙara cin sama da kashi 70 na ƙarfi, duk a wuyan bel ɗin nan. Famfon kuma in ya yi gudu fiye da kima, kumfa yake tayarwa a bakin shigar ruwa, ruwan da yake turawa ya ragu, kumfar ta rinƙa ɓantarar fikafikansa. In 911 tana zafi, a duba lagireto da murfinsa da rumfar da ke zagaye da fanka, wadda kanikawa suke cirewa su jefar.

Bakanike Gusau: Nan kam muna tare. Rabin motocin da suke zuwa min da zafi ba su da rumfar nan.

Mai Roka: Baba, robar da na ce ta tsattsage fa? In ɗora ƙarin a kanta haka?

Baban Panteka: Ka ja layi da farin fenti daga cibiya ya ratsa robar ya hau zoben. Ku fita da motar, a ba ta wuta sosai, ku dawo ka duba. Ka kuma tsaya a gefe tana silo, nesa da fanka, ka ga ko zoben yana lilo.

Mai Roka: An gwada. Layin ya rabu, na zoben ya goce da kusan faɗin ɗan yatsa.

Bakanike Gusau: Ka gani ko! Abin da ake ta yabo ashe ya daɗe da mutuwa, kuma karanshaf bai karye ba.

Injiniya: Bai karye ba tukuna, kuma Alhaji bai san tun yaushe robar ta saki ba. Da ni ce, tunda inji bai daɗe da haɗuwa ba, sai na tambayi wanda ya yi aikin ko an gwada karanshaf ɗin don neman tsaga kafin a mayar.

Baban Panteka: Alhaji ka koma kasuwa ka nemo irin na asali mai kwari biyun, wannan ba zai yi wuya ba, 911 ai an haɗa su da yawa a Enugu. Ka danna robar da farce, in ta bushe ƙamas ko ta jiƙe da mai ta yi laushi, ka ajiye musu kayansu. Ka sa a canja silin gaba kuma, don mai ne yake kashe robar. In ka samu, ka haɗo min shi da altanetar, da famfon sitiyarin da maƙalarsa, da fambel ɗin da za ka sa. Biyun na altaneta su zama kamfani ɗaya, lamba ɗaya, saye ɗaya, kada a haɗa tsoho da sabo. Ranar ɗaurawa kuma a kwantar da miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fulin karanshaf ya kai kan na altaneta. In akwai tazara, da washa za a cike ta a maƙala, ba da jan bel ba.

Mai Roka: Na gode Baba, na gode Injiniya, Allah ya saka. Oga Gusau kai ma na gode. Asabar in sha Allah yarona zai taho Kaduna da kayan.

Baban Panteka: Ya kira kafin ya taso, in ji ko akwai wuta. Kuma ya zo da ƙusoshin cibiyar, za a buƙaci waɗanda suka fi su tsawo.